Baƙin Mai Iri Biyu: Wanda Masana'antunmu Suka Rasa Da Wanda Muke Zubarwa A Kwata

Takardar da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya



Gabatarwa

Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ɗora mini nauyin yin bayani a kan albarkatun man fetur da masana'antu ke amfani da su, yadda ake samar da su, da yadda ake sake sarrafa wanda ya gama aiki. Wani na iya cewa wannan magana ce ta manyan 'yan kasuwa da injiniyoyi, ina ruwan garinmu da ita? Amsar tana bakin kasuwarmu. Injin niƙa da injin casar shinkafa da injin ban ruwa na fadama da janaretan asibiti da tarakta da babur ɗin ɗan acaɓa, babu wanda zai motsa sai da mai. Haka kuma babu wanda za a yi wa juye ba a fitar da baƙin mai daga cikinsa ba.

Bahaushe ya ba abubuwa biyu suna ɗaya. Akwai baƙin mai mai kauri da ke fitowa daga matata, wanda manyan masana'antu ke ƙonawa don samun zafi da tururi. Akwai kuma baƙin mai da makanike ke tsiyayowa daga ƙarƙashin mota. Na farkon ƙarancinsa yana cikin abubuwan da suka durƙusar da masana'antun Arewa. Na biyun kuwa yawansa ne ke neman zame mana annoba, alhali dukiya ce da wasu ƙasashe ke tattarawa lita-lita. A kan waɗannan biyun zan gina bayanina, sannan in rufe da shawarwari a kan abin da ƙungiya irin tamu za ta iya yi da ƙarfinta.

Abin da ke cikin ganga guda

Ganga ɗaya ta ɗanyen mai tana ɗaukar lita 159. Idan aka kai shi matata, sai a dafa shi har zafinsa ya kai wajen digiri 350, a tura shi cikin wata doguwar hasumiya ta ƙarfe. Mafi sauƙin nauyi shi ke hawa can ƙololuwa, wato iskar gas ta girki. Daga nan sai fetur, sai kananzir da man jirgin sama, sai man gas da manyan motoci da janaretoci ke sha. Abin da ya kwanta a gindin hasumiyar, mai nauyi da kauri, daga cikinsa ake samun baƙin man masana'antu, wanda 'yan kasuwa ke kira LPFO. Idan aka ƙara tace wannan kwantaccen, sai a sami tushen man juye da giris da kakin kyandir da kwaltar hanya.

Mu mutanen gari fetur da kananzir muka fi sani, don su ne ake yi wa layi a gidan mai. Mai masana'anta kuwa idonsa yana kan ƙasan hasumiyar. Masaƙa tana buƙatar tururi don wanki da rini da busar da yadi, kuma tukunyar tururin da baƙin mai ake hura ta. Kamfanin siminti yana gasa dutse a zafin da ya kai digiri 1,450. Majema da matatun man gyaɗa da masu yin sabulu duk ba su rabuwa da wuta. Kowane inji kuma, babba ko ƙarami, in babu man juye da giris, ƙarfe zai ci ƙarfe.

Yadda aka tsara a da

An gano mai a Oloibiri cikin 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Matata ta farko ta fara aiki a Fatakwal a 1965, ta Warri ta biyo baya a 1978, ta Kaduna a 1980, sannan sabuwar matatar Fatakwal a 1989. Idan aka haɗa ƙarfin su huɗun, an gina su ne don tace ganga 445,000 a kullum.

Matatar Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ya gina, ta sha bamban da 'yan uwanta. Ƙarfinta ya kai ganga 110,000 a rana, kuma kashi biyu ce. Ɓangare ɗaya yana tace ɗanyen man Nijeriya don samar da fetur da kananzir da man gas. Ɗaya ɓangaren, wanda ya fara aiki a 1983, an yi shi ne musamman don tushen man juye da kaki da kwalta. Da yake man Nijeriya marar nauyi ne, bai dace da wannan aiki ba, sai aka tsara a riƙa shigo da mai nauyi daga ƙasashe irin su Banizuwela da Kuwaiti da Saudiyya. Dukkan ɗanyen man ta bututu yake tasowa daga Escravos, ya ratsa Warri, ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 kafin ya iso Kaduna. Daga Kaduna kuma wasu bututun ke rarraba tataccen mai zuwa daffo-daffo na Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri.

Wannan tsari ya yi wa Arewa rana. Masaƙun Kakuri, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 har zuwa Nortex da Arewa Textiles da UNTL, sun sami baƙin mai a bayan gidansu. Haka masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, da kamfanin siminti na Sakkwato da ke Kalambaina, da na Ashaka da ya fara aiki a 1979. Iyayenmu da yayyenmu da dama da suka bar gida a wancan zamani, a waɗannan wurare suka sami abin yi, kuma da albashinsu aka rufa gidaje masu yawa da kwano a garin nan.

Inda aka sami tangarɗa

Ruwa ba ya tsami banza. Matata inji ce, tana da lokacin da ake tsayar da ita a yi mata garambawul, kuma wannan bai riƙa samuwa a kan kari ba. Masu fasa bututu suka addabi hanyar da ke kawo ɗanyen mai. Matatar Kaduna ta koma yau aiki gobe hutu, har ta kai ga kwashe shekaru a tsaye. A 2023 an ba kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar gyaranta.

Duk lokacin da matatar ta tsaya, sai mai masana'anta a Kano ko Kaduna ya aika tanka zuwa Legas ko Warri ko Fatakwal, tafiyar da ta kai kilomita dubu, ya biya kuɗin mota da na 'yan tsakiya, sannan ya jira. Abokin gogayyarsa da ke Ikeja ko Ota yana kusa da tashar jiragen ruwa, daga baya ma bututun iskar gas ya iso ƙofarsa. Yadi iri ɗaya, kasuwa ɗaya, amma kuɗin sarrafawa ba ɗaya ba. Ga rashin wutar lantarki da ya tilasta dogaro da janareta, ga faɗuwar darajar naira tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga yadin fasa-ƙwauri da ya cika Kantin Kwari. Waɗannan ne suka taru suka yi wa masaƙu rubdugu. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aikinta na Kaduna a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida. Kamfanin Ashaka ya tsira ne ta hanyar komawa ga kwal da ake haƙowa a Maiganga ta Jihar Gombe.

Ɗora jigilar mai kacokan a kan titi ya zo da wata asarar da ta fi ta kuɗi. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a garin Majiya na Jihar Jigawa, jama'a suka taru kwasar man, ta yi bindiga, mutum fiye da 150 suka rasu. A watan Janairu na 2025 aka sake yin irin wannan a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Allah ya jiƙansu, ya sa mu ɗauki darasi.

Abubuwa sun sauya a 'yan shekarun nan. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa hukumar NMDPRA, wadda ke ba da lasisin tacewa da adanawa da rarraba mai. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin fetur. Matatar Dangote da ke Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da man gas da man jirgi a Janairun 2024, fetur kuma a Satumbar wannan shekara. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Maƙwabtanmu su ma sun nuna cewa ƙaramar matata kusa da masu buƙata tana da amfani: a 2011 aka buɗe ta SORAZ kusa da Damagaram, da ta Djermaya kusa da Injamena, kowacce ganga 20,000 a rana. Duk da haka nisan da ke tsakaninmu da teku yana nan inda yake. Saboda haka kowace lita da ta iso Arewa ta fi tsada, kuma bai kamata a yi wasa da ita ba, ko bayan ta yi baƙi.

Baƙin mai na biyu

Man juye haɗi ne na abubuwa biyu. Mafi yawansa tushen mai ne da aka samo daga matata, sauran kuma sinadarai ne da ake ƙarawa don wanke inji da hana tsatsa da rage ci. Idan man ya yi aiki, sinadaran nan su ke ƙarewa, sai toka da ruwa da ɓurɓushin ƙarfe da ɗigon fetur su gauraya da shi. Tushen man kuwa yawancinsa yana nan da ƙarfinsa. Datti ya yi, kamar riga, kuma ana iya wanke shi.

Mu duba inda namu yake tafiya. Wani a ƙasa ake tsiyaye shi a bakin gareji, har ƙasar wurin ta zama baƙa ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa. Wani a kwata ake zuba shi, damina ta kwashe shi zuwa kududdufi da fadama. Kafinta yana shafa wa katakon rufi don maganin gara. Mai buga bulo yana shafa wa abin bugunsa. Ana zuba shi a masai don kashe wari da sauro. Wasu makiyaya suna shafa wa dabbobi don kaska da ƙazuwa. Wasu masu gidan burodi da masu narka dalma suna hura wuta da shi. Ana kuma yayyafa shi a kan hanya don kwantar da ƙura. Mafi muni, akwai masu tace shi da tsumma, su rina shi, su ɗura a jarka mai tambarin kamfani, su sayar a matsayin sabo.

Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana da illa. Baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa masu guba da sinadaran da ke fitowa daga ƙonewar mai a cikin inji, waɗanda aka tabbatar wasunsu suna haddasa cutar daji idan fata ta daɗe tana cuɗanya da su. Wannan ya shafi 'ya'yanmu da ke koyon kanikanci, masu wuni hannu dumu-dumu, su ci abinci ba tare da sabulu ba. Wanda aka zuba a masai yana tsatsafowa zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma kowa ya san yadda rijiya da masai suke kusa da juna a gidajenmu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya na mota yana iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Wanda aka ƙona a buɗaɗɗiyar wuta kuwa, hayaƙinsa huhun unguwa yake shiga.

Gemun ɗan'uwa

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Zan kawo misalai uku.

A Jihar Misuri ta Amurka akwai wani gari da ake kira Times Beach, mai mutum wajen 2,000. Tsakanin 1972 da 1976 hukumar garin ta riƙa biyan wani ɗan kwangila yana fesa baƙin mai a kan titunansu don maganin ƙura. Ashe ya gauraya man da sharar wata masana'antar sinadarai mai ɗauke da gubar dayoksin. Ba a gano girman ɓarnar ba sai a ƙarshen 1982. A 1983 gwamnati ta yanke shawarar saye garin baki ɗaya, aka kwashe mutanensa, aka rushe gidajensu. Yau wurin shaƙatawa ne ke inda garin yake a da.

A ƙasar Beljiyam, cikin 1999, man taransifoma mai ɗauke da gubar da ake kira PCB ya shiga cikin kitsen da ake haɗa abincin dabbobi da shi. Kaji suka fara mutuwa, aka kwashe kaji da ƙwai daga kantuna, ƙasashe suka rufe ƙofa ga kayan abincin ƙasar, ministoci biyu suka yi murabus, gwamnati ta faɗi zaɓe a wannan shekara.

Na ukun a gida ya faru. A 1988 aka gano dubban durom na shara mai guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin Jihar Delta ta yanzu. Wannan ne ya sa gwamnatin soja ta wancan lokaci ta kafa dokar haramta shara mai guba, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. A duniya kuma aka ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, ƙasashen Afirka suka yi tasu ta Bamako a 1991. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ke sa ido a kan dokokin muhalli na tarayya.

Darasin da ke cikin biyun farko shi ne, baƙin mai yana ɓoye duk abin da aka zuba masa. Ido ba ya bambance mai tsabta da wanda aka gauraya da guba. Don haka sharaɗi na farko ga duk mai son shiga wannan harka shi ne sanin asalin kowane durom.

Yadda ake mayar da shi sabo

Sarrafa baƙin mai hawa uku ne. Hawa na farko shi ne a bar shi ya kwanta, a tace shi, a cire ruwan da ke ciki, a sayar wa masana'antar da ke da tanderu mai tsananin zafi da na'urar tace hayaƙi, irin kamfanin siminti. A irin wannan zafi yawancin gubar tana ƙonewa. Ta nan baƙin mai na biyu yake maye gurbin wani kaso na baƙin mai na farko.

Hawa na biyu ya shafi man injinan masana'antu da bai yi datti sosai ba, kamar man haidirolik da na taransifoma marar guba. Wannan ana iya tace shi a inda yake a mayar da shi bakin aikinsa.

Hawa na uku, wanda ya fi daraja, shi ne sake tacewa ɗungurungum. Ana fara ƙafar da ruwa da ɗigon fetur, sannan a dafa man a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, don ya tashi ba tare da ya ƙone ba. Tushen man sai ya rabu da dattin, a goge shi da iskar haidirojin ko da wata irin laka ta musamman, a ƙara masa sababbin sinadarai. Abin da ya kwanta yana shiga cikin kwalta. A lissafin hukumar muhalli ta Amurka, ganga guda ta ɗanyen mai, wato galan 42, man juyen da ake samu daga cikinta bai kai lita biyu da rabi ba, sauran ya tafi ga fetur da 'yan uwansa. Galan ɗaya tak na baƙin mai yana ba da kwatankwacin wannan.

Akwai tsohuwar hanya mai araha ta zuba ruwan asid da laka. Ina jan hankalin duk wanda za a tallata wa irin wannan inji da ya yi hattara. Tana barin wani baƙin taɓo mai guba wanda zubar da shi ya fi baƙin man kansa haɗari, shi ya sa ƙasashe da yawa suka yi watsi da ita. Araha ba ta ado.

Inda aka ci nasara, tsarin tattarawa ne ya kawo ta. Italiya ta yi doka a 1982 da ta kafa gamayyar kamfanonin man juye, ana ɗora ɗan kuɗi a kan sabon man da aka sayar, da shi ake biyan masu bi gareji-gareji suna kwasar tsohon, kuma kusan duk abin da suka tara ana mayar da shi sabo. A Afirka ta Kudu kamfanonin man juye suka kafa gidauniyar ROSE a 1994 a kan irin wannan tsari. Ƙasar Birazil ta wajabta a 2005 cewa a kai tsohon man juye matatun sake tacewa. Inji kowa na iya saye, amma inji ba ya aiki sai man ya iso gare shi da yawa, a kan kari, kuma ba gauraye.

Lissafin garinmu

Mu yi ɗan lissafi na misali. Mu ƙaddara gari yana da babura 500 na haya, kowanne yana cin lita ɗaya, ana yi masa juye sau biyu a wata. Wannan lita 1,000 ke nan. Mu ƙaddara ƙananan motoci 100, kowace lita huɗu a wata, lita 400. Mu ƙaddara manyan motoci da taraktoci da manyan injina 20, kowanne lita 30, lita 600. Jimilla lita 2,000 a wata, durom goma ke nan, ko lita 24,000 a shekara. Abin da za a iya tarawa zai yi ƙasa da haka, don inji yana cinye wani kaso, wani kuma yana zubewa.

Wannan lissafi yana gaya mana abu biyu. Na ɗaya, durom goma a wata da ke shiga ƙasarmu da ruwanmu ba ƙaramar ɓarna ba ce. Na biyu, abin da gari ɗaya zai tara a shekara bai cika tanka ɗaya mai lita 33,000 ba. Saboda haka kada wani ya zo mana da mafarkin gina matata a garin nan. Rabonmu a wannan sana'a shi ne tattarawa da adanawa da sayarwa, kuma ribar za ta fito ne idan muka haɗa kai da garuruwan da ke maƙwabtaka da mu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawarwari

Na ɗaya, ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamiti da zai zauna da shugabannin makanikai da na direbobi da 'yan acaɓa da masu injin niƙa, a ƙidaya wuraren juye, a san ainihin yawan man da ke fita a wata. Da wannan adadi za a yi magana da kowane mai saye.

Na biyu, a nemi fili kusa da tasha, nesa da rijiya da makaranta, a yi masa daɓen siminti mai ɗan bango kewaye don tare yoyo, a yi masa rufi, a ajiye durom masu murfi da bokitan yashi da abin kashe gobara. A raba wa kowane gareji faranti da mazurari da durom guda.

Na uku, a biya makanike kuɗin kowace lita da ya kawo, nan take. Baƙin mai yana da masu saye tun yanzu, wa'azi kaɗai ba zai sa mutum ya bar cinikinsa ba.

Na huɗu, a kafa doka mai tsauri cewa ba a gauraya man juye da fetur ko kananzir ko man birki ko ruwan batir. Man taransifoma kuwa kada a karɓe shi sam. A riƙa rubuta sunan gareji da rana a kan kowane durom.

Na biyar, kada a sayar sai ga mai takardar izini daga hukuma, wanda zai nuna inda yake kai man. Wanda zai saya ya mayar mana da shi a jarka a matsayin sabo, injinanmu zai kashe da hannunmu.

Na shida, masu injin niƙa da casa da manoman rani su yi ƙungiyar sayen man gas da man juye a dunƙule, kai tsaye daga dillali mai lasisi. Sari ya fi sayen galan-galan a hannun 'yan bumburutu sauƙi, ya kuma rage haɗarin gauraye. A tanadi ma'aunin nauyin mai da man shafawa mai nuna ruwa a gindin tanki, kayan gwaji ne marasa tsada. Mu tuna cewa a Fabrairun 2022 gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar nan ta babbar hanya, ya lalata motoci da dama, balle wanda ke bin ɓarauniyar hanya.

Na bakwai, asusun tallafin karatu na ƙungiya ya ware gurbi ga masu son karanta injiniyancin sinadarai da kimiyyar muhalli, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko Cibiyar Horar da Ma'aikatan Mai da ke Effurun. 'Yan uwa da ke birane su riƙa sanar da ɗalibanmu lokacin da asusun PTDF ya buɗe neman tallafi.

Na takwas, iyayenmu sarakuna da malamai da shugabannin mata su taimaka da faɗakarwa: a daina zuba baƙin mai a masai, a daina shafa wa dabbobi, a daina gasa abinci da shi, kuma idan tanka ta faɗi a guje ta.

Kammalawa

Ya ku 'yan uwa mazauna birane, yawancin abin da wannan aiki ke buƙata yana hannunku. A cikinku akwai ma'aikatan hukumomin mai da na muhalli da za su nuna mana hanyar samun izini. Akwai masu harkar sufuri da motocinsu ke dawowa kudu ba kaya. Akwai ma'aikatan kamfanoni da suka san masu saye na gaskiya, akwai akantoci da za su riƙe mana littafi. Gyaran matatar Kaduna da kammala bututun gas aikin gwamnati ne, namu mu ci gaba da tuntuɓar wakilanmu a kai. Rijiyoyin garin nan da fadamarsa da lafiyar yaran da ke gareji kuwa, babu wanda zai zo daga wani wuri ya tsare mana su. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ina roƙon Shugaban taro da kada a tashi yau sai an naɗa kwamitin nan, an ba shi wata uku ya kawo ƙidayarsa, kuma a buga rahotonsa, da yawan litar da aka tara da kuɗin da aka samu, a mujallarmu ta baɗi.